Filin da Gwaggo Ta Daɓe wa Mijinta

Na Allah ne mu duka, kuma ya karɓi nasa. Mijin Gwaggona ya rasu a bazarar nan, da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta bayan gida. Gwaggo ta kai masa kunu ta tarar kansa ya langaɓe. Ta ce ta tsaya da kofin a hannu tana jira ya farka, har kunun ya huce.

Ina cikin aji a Kanya Babba, inda nake koyarwa, aka kira ni a waya. Na ƙarasa rubutun da nake yi a allo, na ce wa yara su kwafa, sannan na fita neman abin hawa. Har aka sauke ni a ƙofar gidanmu a Roni ban ji komai a raina ba. Abin da na riƙa kallo a hanya shi ne ƙeyar ɗan acaɓan, wanzami ya yanke shi a wuri biyu.

Mijin Gwaggo ne ya riƙe ni. Allah bai ba su haihuwa ba, sai mahaifina ya ba ƙanwarsa ni tun daga yaye. Saboda haka Baba nake ce wa mijin Gwaggo, mahaifina kuwa Alhaji nake ce masa kamar kowa. Mutanen gari suna kiran Baba da Malam Na-Tsibiri.

Na tarar da gida cike da mata. Wata tsohuwa tana share ido tana cewa, "Allah sarki, Ba'indiyen nan, mutumin kirki." Ta kusa da ita ta ce, "Wane Ba'indiye? Balarabe ne, ba ki ga gashinsa ba?" Wata daga bakin murhu ta ce ita dai tun tana yarinya ta ji an ce daga cikin ruwa ya fito, aka ce mata ta yi shiru. Ya fi shekara arba'in yana gaisawa da mazansu, yana zuwa sunan jikokinsu, amma ba wadda ta san daga ina yake. A zaure na jiyo liman yana tambayar Alhaji ko an sanar da dangin mamacin. Aka aiko a tambayi Gwaggo. Ta ce yayarsa ɗaya ce ta rage masa a can, ita ma ta riga shi tafiya. Liman ya ce, "To, mu ne danginsa ke nan. A ɗauko shi."

Da aka dawo daga maƙabarta sai ƙofar gida ta yi wa jama'a kaɗan. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Kazaure da Babura da Gwiwa, duk sun yi furfura, wasu da sanda. Wani mai son taimako ya ce ai akwai fili fes a bayan gida, ko tsinke babu. Nan da nan aka kira masu rumfa. Ina tsaye a ƙofar baya na ga sun kafa turakun ƙarfe suna bugawa da guduma. Aka jera kujeru, aka shigo da babura aka jingine, wani ya tofar da tuƙar goro a kan farin layi. Da Baba na nan da an ji muryarsa har bakin kasuwa. Ni kuwa kallo kawai na yi, har na nuna wa wani yaro inda zai ajiye buta.

Mutum ɗaya ne ya tsaya a gefe. Tsohon ma'aikacin asibiti ne, Kirista, mutumin Filato, wanda suka yi shekaru suna buga wasa da Baba. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya tako cikin zafin ranar nan ba takalmi. Wani matashi ya ce masa, "Baba, ai ba masallaci ba ne." Ya ce, "Na sani, ɗana." Ya samu kujerar ƙarshe ya zauna, ya ɗora takalman a cinya.

Wannan fili na ƙwallon tanis ne, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Yana kan rabon gadon Gwaggo, ya yi iyaka da gonar Alhaji, kuma tun ranar da aka yi shi Alhaji yake son a nome shi. Baba bai bar ɗa ba, bai bar dangi ba, kabari kuwa a wurinmu ba a rubuta masa suna, damina biyu ta isa ta shafe shi. Filin nan kaɗai ne abin da za a nuna a ce wani mutum ya taso daga tsakiyar teku ya zauna a nan. Ko a ranar, da ba na jin komai, na san ina so a bar shi.

Ƙasarsu Baba tsibiri ce. Sunanta yana da wuya a bakin mutanenmu, shi ma tun da wuri ya daina wahalar da kansa wajen gyara musu. In aka tambaye shi girmanta sai ya ce mutum zai hau keke bayan asuba ya zagaye ta ya dawo gida kafin la'asar, har da tsayawa cin abinci. A taswirar makarantarmu ba ta fito ba. Ya taɓa ɗaukar biro ya ɗiga ta a cikin shuɗin teku, hedimasta ya yi masa faɗan ɓata kayan gwamnati.

A wannan ƙasa shi ne gwanin tanis na ƙasa baki ɗaya, shekaru a jere. In na zaro ido sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ki ruɗe, 'yata. Mu masu bugawar, mota ɗaya za ta kwashe mu, biyu daga ciki kuma ƙannena ne, dole su bar mini."

Gwamnatinsu ta riƙa tura shi gasa a ƙasashen waje. Ya hau jirgin ruwa, ya hau na sama, shi kaɗai, ba mai horar da shi, ba mai riƙe masa jaka. In zaren raket ɗinsa, wato abin buga ƙwallon, ya tsinke shi ke zama ya ɗinke abinsa. A wani wuri masu shirya gasa suka rasa tutar ƙasarsu, suka ce ya yi haƙuri ya tsaya a bayan ta wasu. Da ya koma gida ya sa mahaifiyarsa ta ɗinka masa ƙarama, ya riƙa yawo da ita a cikin kaya. Kuma duk inda ya je a wasan farko ake fitar da shi. Ba ya ɓoye wannan, da daɗi ma yake ba da labarin. Yakan ce, "Na sha kaye a ƙasashen da ko hedimasta bai san sunansu ba." Sau ɗaya ya ci wasa a waje, shi ma abokin karawar ne cikinsa ya ɓaci ya kasa ƙarasawa. Da ya koma aka tarye shi a bakin jirgi da ganguna, aka ba 'yan makaranta hutu.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ya ci gaba da zuwa tunda ya san dukansa za a yi. Ya ce, "Kafin a fara wasa sai an faɗi sunan ƙasarka a lasifika. In ban je ba, ba mai faɗa."

Ciwon kafaɗarsa ne ya raba shi da gasa. A lokacin ana ɗauko malamai daga waje, sai ya zo Kazaure koyar da lissafi da motsa jiki, a kan zai yi shekara biyu ya koma. Gwaggo ta je kai wa ƙaninsu abinci a makarantar kwana ya gan ta. Kakanmu, wanda ma'aikacin fada ne mai tsantseni, ya kira shi ya zauna da shi, ya ji karatunsa, ya gano Musulmi ne tun kaka da kakanni, ya ce ya ba shi. Alhaji ne bai so ba. Ya ce, "In wani abu ya taso, ina za mu je neman asalinsa? A kwalekwale?" Aka yi auren duk da haka, kuma Baba bai sake ganin teku ba.

Da suka dawo Roni da zama sai ya rasa inda zai buga wasa. Ya yi ta kewaya bayan gida yana auna ƙasa da ƙafa yana maganar siminti, simintin kuwa ya fi ƙarfinsa. Gwaggo ta gaji ta ce ya gaya mata abin da yake nema takamaimai. Ya ce ƙasa yake so shimfiɗaɗɗiya, mai santsi, wadda in ƙwallo ta faɗi za ta taso. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malam, daɓe kake nufi, kake ta hana mu barci?" Bai taɓa jin kalmar ba.

Ta kira gayyar mata. Ina ƙarama amma ina tunawa, don kowace shekara haka aka riƙa yi. Jakuna su kawo marmara da ƙananan tsakuwa daga gindin dutse, a baje. A jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a manyan tukwane har ruwan ya yi baƙi. Mata su jeru a durƙushe, kowacce da madaɓinta na itace, su riƙa dukan ƙasa tare, waƙa na tafiya da dukan. A cikin waƙar kuwa Baba suke yi wa tsiya, wai ga mijin da ya sa matarsa daɓe a daji, ba ɗaki ba rufi, don ya riƙa bin ƙwallo da rariya. Rariya suke ce wa raket. Shi kuma yana binsu da igiyar awo yana roƙo, "Iyayena, nan ya ɗan yi tudu." Su ce in ya iya ya karɓi madaɓin. A yayyafa ruwan makuba a sake bi, gobe ma a sake, har wurin ya yi ja-ja yana ƙyalli. Sannan ya ja layukansa da farar ƙasa. Raga kuwa wani masunci ne a Kazaure ya saƙa masa.

Gwaggo ta ce ranar farko da ya saki ƙwallo ta taso masa har ƙugu, sai ya cafe ta ya ajiye. Daga nan ya bi matan ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya gaishe su, har da waɗanda ya girma.

Damina takan cinye saman daɓen, da kaka Gwaggo ta sake kiran mata a ɗora sabo a kan tsohon. Siminti ya shigo gidaje, aka daina daɓe a ɗakunan amare, amma a bayan gidanmu ba a fasa ba. Baba kuma ya kafa dokokinsa. Ba a hawa da takalmi mai ƙarfi, ba a shigar da akuya, ba a shanya. Mutum ne mai sanyin hali, kana iya cin abincinsa a gabansa ya ce ka ƙara, amma a kan filin nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

A kan shanya suka yi faɗa da Alhaji. Wata shekara gyaɗa ta yi kyau, Alhaji ya rasa wurin shanya, ya ga Baba ya tafi Kazaure, sai ya sa yaransa suka baje ta a filin. Baba ya dawo da la'asar ya gani. Bai kira kowa ba. Ya ɗauki tsintsiya ya tattare ta tas, ya zuba a buhuna, ya yi ta ɗauka da kafaɗarsa mai ciwo yana jibgewa a ƙofar gidan Alhaji. Alhaji ya fito ransa a ɓace, a gaban mutane ya ce, "Kai da ƙasarku gaba ɗaya ba ta kai gonar babanmu ba, za ka hana ni shanya a gadonmu?" Baba yana haki ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, ba ta kai ba. Shi ya sa na san darajar ɗan fili." Daga ranar suka koma gaisuwar masallaci kawai. Ni ce a tsakiya, in na je can a ce ya mai rariya, in na dawo nan a ce ya mai gyaɗa.

Ana cikin wannan zaman Alhaji ya kwanta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Washegarin da aka sallamo shi daga asibiti, da sassafe, sai ga Baba da sallama, da wata tsohuwar ƙwallon tanis da gashinta ya ƙare. Ya zauna a bakin gado ya sa ta a tafin Alhaji ya ce, "Matsa." Alhaji ya kau da kai. Baba ya kama yatsun ya matsa masa da kansa. Haka ya yi ta zuwa kowace safiya har watanni, yana murza hannun tun daga kafaɗa, irin yadda ya ce an yi masa lokacin nasa ciwon. Ba hira suke yi ba. "Matsa." "Na matsa." "Ba ka matsa ba." Har Alhaji ya koma cin tuwo da hannunsa. Ba wanda ya ba wani haƙuri a cikinsu, kuma da Alhaji ya miƙe maganarsa ta farko a kan filin ita ce har yanzu asarar ƙasa ne.

Wani lokaci Baba yakan hau babur ya tafi bakin dam a Kazaure ya zauna. Na raka shi sau da yawa. Ruwan kawai yake kallo. In za mu taso sai ya tsoma yatsa a ruwan ya ɗanɗana, ya ce, "Ba gishiri," kamar dai yana sa ran wata rana zai tarar an zuba.

A shekarun ƙarshe masu zuwa wasa suka ƙare. Ɗalibansa suka tsufa, matasa suka koma ƙwallon ƙafa da waya, mutumin Filato gwiwa ta hana shi gudu. Baba kansa sai dai ya fito da kujera ya zauna yana kallon ragar. Amma da kaka ta yi Gwaggo za ta jiƙa makuba. Na ce mata, "Gwaggo, wa zai buga?" Ta ce in miƙo mata madaɓi in daina surutu.

Bayan sadakar bakwai aka kwashe rumfa. Filin ya fito duk ramuka, da baƙin mai na babura, da ɓawon rake. Da yamma Alhaji ya shigo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Gwaggo, ita tana ciki a kan tabarma, ta shiga takaba. Suka gaisa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Kin ga damina ta ƙarato. Yanzu ke kaɗai ce, abin da za ki ci ya fi miki. Filin nan na baya..."

Ban saba tsoma baki in yana magana ba, amma na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a bar shi. Ni zan riƙa zuwa da kaka in yi daɓen."

Ya juyo ya dube ni. "Ke da wa?"

Na dubi cikin ɗakin. Ina jira Gwaggo ta goyi bayana, sai na ji ta ce, "Yaya, a nome shi."

Na ce, "Gwaggo!"

Ta ce, "Ke, ni ko ƙirgen wasan nan ban taɓa ganewa ba. Shi nake yi wa. Matan da muke yi da su ma rabinsu suna can inda ya tafi. Ba zan iya buɗe ƙofar baya kullum in ga layukan nan ba kowa a kai ba." Ta ci gaba da jan carbinta.

Na ji haushinta ƙwarai. Tun rasuwar, wannan ne abu na farko da na ji a raina, kuma na ji kunyar cewa haushi ne ya fara zuwa ba kuka ba. Na koma Kanya Babba ban yi mata sallama mai kyau ba.

Ruwan shuka ya sauka a ƙarshen wani mako, na zo gida. Da safe Alhaji ya iso da shanun noma biyu da samari. An riga an cire ragar, an naɗe ta a zaure. Na tsaya a ƙofar baya. Aka saita garma a bakin filin, aka kora shanu. Garmar ta bi ta kai tana ƙara, ta bar ɗan zane kawai. Aka juyo aka sake, wannan karon saurayi ɗaya ya hau kanta don ta yi nauyi. Shanun suka yunƙura, aka ji ƙas, bakin garmar ya karye. Samarin suka tsaya suna kallon Alhaji. Ya ce a kwance shanun, a je a aro diga.

Da diga aka fara fasa shi. Ba ya marmashewa, ɓalli-ɓalli yake tashi, kowanne da kauri. Alhaji ya sunkuya ya ɗauki guda ya juya gefensa. Daga inda nake ina hango shi hawa-hawa, wani ja, wani baƙi-baƙi, na kowace kaka a kan na wadda ta gabace ta. Ya daɗe yana dubawa. Na ɗauka zai ce a dakata. Bai ce ba. Ya ajiye shi a hankali, ya kaɗe hannunsa, ya shiga gida, na bi bayansa.

Gwaggo tana inda take. Tun safe tana jin komai ta bango. Alhaji ya zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Yaya, na ji kun daɗe."

Ya ce, "Garma ta ƙi shiga. Bakinta ma ya karye. Sai da diga."

Ta tsayar da carbin. "Har bayan ruwan jiya?"

"Har bayan ruwan jiya."

Ta buɗe tafukan hannunta ta dube su, ciki da baya. Can ta ce, "To. Ashe ban cuce shi ba."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙan Malam, ya karɓi baƙuncinsa. Na ce amin. A bayan gida ana ci gaba da sara.